Tun Da Suka Taka Wata

Litinin, 21 ga Yuli, 1969

Jamiu mai sayar da zare ya iso da rediyonsa tun ban gama shimfiɗa tabarmar aiki ba, ya ɗora ta a kan rigar mutane da nake yi wa aikin wuya, wai in ji da kunnena. Turanci kawai ake ta zubawa. Ya ce mutum biyu daga Amurka sun sauka a kan wata, sun taka shi da takalmi, har sun ɗebi ƙasarsa za su kai gida. Na ce ya ɗauke mini akwatin ƙarya daga kan riga. Ya yi dariya ya ce, "Malam Sayibu, kai ne Mai Wata fa. Sun shiga gonarka ba sallama, ka je ka kai ƙara."

Na taya shi dariya don kada ya ga wani abu a fuskata, amma abincin rana bai shiga ba. Shekara da shekaru duk ƙarshen wata ni ake jira a saman benen Alhaji Ziblim in ce ya tsaya ko bai tsaya ba, kamar yadda aka riƙa jiran babana a Sabon Zongo. Da bakina ake ɗaukar azumi a wannan ɓangare na Nima, da bakina ake ajiye shi. In har ɗan Adam ya kai ƙafarsa can, me ya rage kuma? Tsoro nake ji, ban ma san na mene ne ba.

Laraba, 23 ga Yuli

Na tambayi Liman Abubakari. Ya ce kada mu yi gardama kan abin da ba mu gani ba, ikon Allah ya fi haka. Shi kullum haka yake, ba ya cewa e, ba ya cewa a'a.

Talata, 29 ga Yuli

Yau bayan magariba gari ya washe, karo na farko tun da aka fara wannan magana. Na fita tsakar gida na ɗaga kai. Wata ya cika, amma ba watan da na sani ba ne. Ba shi da baki, gefensa duk ya narke kamar man shanu a kan tuwo mai zafi, ga wani zobe fari ya kewaye shi, ga kuma wani ɗan dishi-dishi a gefensa kamar na biyu.

Na kira Memuna, ta taso daga wankin geron koko hannu duk ruwa. Ta duba ta ce, "Malam, wata ne, irin na kullum." Na ce ta sake dubawa. Ta sake, ta ce ita dai ba ta ga komai ba. To ina za ta gani? Matar da tun da na aure ta ba ta taɓa ganin jinjirin wata ba sai ya kwana uku. Na ce ta koma kan geronta.

Sun taɓa shi. Wallahi sun yi masa wani abu.

Asabar, 2 ga Agusta

Na faɗa a benci ƙofar masallaci bayan la'asar. Ban yi niyya ba, bakina ne ya kuɓuce. Na ce tun da suka taka shi haskensa ya lalace. Sai Jalilu mai gini ya ce shi ma fa ya lura kamar ya ɗan yi ja. Wani ya ce matarsa ta ce ya ƙanƙance. Kafin a kira magariba mutum biyar sun ga abin da na gani, kowa da irin nasa.

Jamiu kaɗai ya ce, "Ni na duba shi jiya, lafiyarsa lau kraa." Aka yi masa ca. Wani ya ce mai sayar da zare ne zai koya wa Mai Wata duban wata? Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Alhamis, 14 ga Agusta

Mun hau bene duban wata. Hadari ya rufe yamma gaba ɗaya, ba wanda ya ga komai. Na sauko ina jin sauƙi a raina, ban san me ya sa ba.

Laraba, 27 ga Agusta

Maganar ta fi ƙarfina yanzu. Memuna ta dawo daga kasuwar Maamobi ta ce mata sun daina fita da jarirai in akwai farin wata, ana rufe randa da faifai don kada haskensa ya faɗa ruwa. A layin bayanmu wata tsohuwa ta yi sadakar masa. Jiya da ya fito wasu suka ɗauko gwangwani da kwano suna bugawa kamar ranar da rana ta kama wata, suna roƙon a sake shi. Duk wanda ka tambaya sai ya ce Mai Wata ne ya faɗa.

Na sake dubawa yau. Ya fi na wancan watan lalacewa. Na tuna abin da malaminmu ya karantar da mu na alamomin tashin duniya, na shiga ɗaki na yi ta istigfari. Na ce wa Memuna ta yafe mini duk abin da na yi mata. Ta ce ta yafe, amma in ci tuwona kafin duniyar ta tashi, don ba za ta sake ɗumama shi ba.

Talata, 2 ga Satumba

Na yi faɗa da Jamiu. Allurar da yake kawowa yanzu ba ta da kafa, sai ka yi ta cusa zare kamar kana roƙonsa. Ya rantse irin ta da ce, daga kwali ɗaya. Ƙarya yake yi, araha ya bi. Na mayar masa da su.

Asabar, 6 ga Satumba

Mai rigar nan shuɗiya ya dawo da ita. Wai aikin wuyan ya karkace, kuma na haɗa zare fari da mai ruwan ƙwai. Ni Sayibu? Na ce ya kai wa wanda ya fi ni. Da ya tafi na fita da ita rana na duba, na kasa gane inda ya ce.

Alhamis, 11 ga Satumba

Fitilar ƙwai ma ta yi zobe. Da magariba Memuna ta kunna ta ajiye a bakin ƙofa, na ga harshen wutar ya narke, ga na biyu a gefensa, daidai irin na wata. Na leƙa waje wajen gidajen unguwar Kanda masu lantarki, kowane ƙwai da zobensa.

Ita fitilar wa ya taka ta?

Juma'a, 12 ga Satumba

Ina alwalar asuba ruwa ya shige mini idon hagu, na runtse shi. Sai buta ta ɓace. Ta ɓace, hannuna ya ɓace, komai ya zama fari kamar an watsa mini koko a fuska. Na buɗe na hagu, buta ta dawo, amma ita ma dishi-dishi. Na rufe, na buɗe, na rufe. Har aka tayar da salla ina tsugune a wurin.

Ba zan rubuta sunan abin ba.

Lahadi, 14 ga Satumba

Yana ce. Na rubuta.

Ita ta kama babana. Ina saurayi aka kawo masa mai kwantar da yana, wani dogon mutum daga arewa mai jakar fata. Mu muka riƙe shi, ni na riƙe kai. Mutumin ya soka wani tsinken ƙarfe ta gefen ido ya danna yanar ciki. Nan take Baba ya ce yana ganin yatsun mutumin, aka yi ta kabbara, aka yanka kaza. Kafin sati ya zagayo idon ya kumbura ya yi jawur, Baba yana buga kai da bango saboda ciwo. Daga nan bai sake ganin komai ba har ya koma ga Allah. Ni nake ja masa sanda zuwa masallaci, in mun wuce mutane su ce, "Allah sarki, Mai Wata."

Gara a ce watan ne ya lalace. Da tashin duniya ne ai da kowa za a tashi.

Juma'a, 26 ga Satumba

Mulikatu ta zo daga gidan mijinta a Kotobabi, ta kawo mini dokunu, tuwon masarar nan na cikin ganye, da kifi kamar yadda ta saba. 'Yata ce amma idonta irin nawa ne na da, ba abin da ke wuce ta. Tana zuba mini ruwa ta tsaya ta ce, "Baaba, juyo wajen haske." Na ce ina cin abinci. Ta kama haɓata ta juya ni kamar yaro. Ta leƙa idanuna ɗaya bayan ɗaya, ta gane.

Wanki take yi a babban asibiti, saboda haka ta ɗauki kanta rabin likita. Ta ce akwai ɗakin masu ido, tana kai musu zanen gado. Wai yanzu likita ba ya danna yanar ciki, fitar da ita yake yi gaba ɗaya, ya ɗinke wurin da zare wanda ya fi gashi siranta, daga baya a ba mutum tabarau mai kauri. Ta ce ta ga tsofaffi an jawo su da sanda, sun fita da ƙafarsu suna karanta lambar mota. Na ce duka? Ta ce, "Ba duka ba, Baaba. Amma da yawa paa."

Na ce ni na san ɗinki, ido ba riga ba ne. Na kuma ce in ta gaya wa uwarta ko wani, ban yafe ba. Ta tafi tana kuka, ni kuma na ture kifin gefe.

Laraba, 1 ga Oktoba

Rubutuna ya zama manya-manya, layi uku sun cinye rabin shafi. Na daina karɓar aikin wuya, na ce wa mutane bayana ke ciwo.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Duban watan Sha'aban. Gari garau, ba hadarin da zan ɓuya a bayansa. Mun hau bene mu kusan goma. Na tsaya inda na saba tsayawa, na fuskanci inda na san zai fito, ina ganin jan sama kawai da wasu farare-farare suna yawo. Jalilu yana dama da ni. Na ji ya ja numfashi ya ce a hankali, "Kamar ga shi can saman bishiyar…" Ban bari ya ƙarasa ba, na miƙa yatsa na ce ga shi nan, ya tsaya. Sauran suka bi yatsana, can suka ce sun gani. Aka yi ta cewa idon Mai Wata sai shi. Jalilu ma cewa ya yi, "Ka riga ni, Malam."

Watan yana nan, tunda sun gan shi. Amma ni ban gan shi ba, kuma na ce na gani. Wannan na Sha'aban ne. Mai zuwa na azumi ne, shi kuma Liman ba ya karɓarsa sai ya sa mutum ya yi shahada a gaban jama'a. In ranar ba wanda ya ja numfashi a kusa da ni fa?

Asabar, 25 ga Oktoba

An ce wani mai kwantar da yana ya sauka a Alajo. Na je ni kaɗai, na ce wa Memuna zare zan nemo. A wani zaure yake, mutane sun yi layi. Na tsaya daga baya har aka yi wa wata tsohuwa, 'ya'yanta sun danne ta. Da ya zare tsinken ta ce tana ganin ƙofa, aka ɗauki kabbara. Irin kabbarar da muka yi wa Baba ce sak.

Mutumin ya hango ni ya yafito ni. Ya buɗe idon da babban yatsa, hannunsa na warin taba, ya ce, "Ta nuna. Ka zo Asabar mai zuwa, kafin azumi kana ganin tururuwa." Ba wanda zai sani, yini ɗaya ne. Na ce to.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Na kai har mararrabar Alajo. Na tsaya kusa da mai gasa ayaba har ta tambaye ni ko ɓata na yi. Na juyo gida.

Tsinke ina tsoro, wuƙar likita ina tsoro, duhu ina tsoro. Ban san akwai ragon namiji irina a Nima ba.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Alhaji Ziblim ya aiko mini da goro, wai in shirya ido, Litinin ce.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Ban taɓa ganin mutane a benen nan kamar yau ba, har matakala a cike, ƙasa kuma mata da masu ganga suna jira. Saboda maganata ce, kowa yana so ya ji ko watan da aka taka zai tsaya wa azumi. Liman Abubakari ya hau da kansa. Na nemi Jalilu na tsaya kusa da shi, na kasa kunne.

Rana ta faɗi. Jalilu bai ja numfashi ba, ba wanda ya ja. Da na ɗan waiga sai na gane yawancinsu ba sama suke kallo ba, ni suke kallo. Ni kuwa a sama ina ganin jinjirin wata har uku, ɗaya nan, ɗaya can, in na ƙifta su canza wuri. Ko wanne na nuna za su ce sun gani, na riga na san haka tun ranar benci. Gobe dubban mutane su tashi da azumi a kan yanar idona.

Jan sama ya fara mutuwa. Liman ya matso ya ce, "Malam Sayibu, me ka gani?"

Na ji kaina ina cewa ban gani ba. Ya ce to sai mu cika Sha'aban talatin. Da na yi shiru a nan da shi ke nan, na tsira har wani watan. Amma sai na ce, "Liman, ko yana nan ba zan gan shi ba. Yana ce a idona, duka biyu. Na Sha'aban ma Jalilu ne ya gani. Wata kuma lafiyarsa ƙalau, ba abin da aka yi masa, a gaya wa mata su buɗe randunansu."

Wani daga baya ya yi tsaki, na san muryar amma ba zan rubuta ba. Liman ya ce kowa ya sake dubawa da idonsa, aka duba har duhu ya shiga, ba a gani ba. Wajen saukowa na rasa matakala, sai na ji an kama mini gwiwar hannu. Jamiu ne. Da muka kai ƙasa ya ce, "To allurata fa, Malam? Ka wanke wata, ni ba ka wanke ni ba."

Talata, 11 ga Nuwamba

Ban fita ba. Tsohuwar layin baya ta aiko a tambaye ni wa zai biya ta masarta. Na gaya wa Memuna komai, ta ce ta sani tun ranar da na zuba gishiri a koko na ce sukarin bana ba daɗi. Ta ce jira take in gaji.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Azumi na biyu. Mulikatu ta zo da sassafe da mayafinta ta tsaya a ƙofa. Na ce zan raka ta asibitin ne kawai in ga wurin, ba wai na yarda ba.

Wurin duk warin magani. Likitan baƙar fata ne, ba zai girmi Mulikatu da yawa ba, wata ma'aikaciya tana mayar mini da maganarsa da Hausa. Ya ɗiga mini magani, ya haska wata 'yar fitila har cikin kaina. Ya ce na dama za a fara, na hagu sai ya ƙara nuna. Ba za a sa ni barci ba, allura za a yi a kashe wurin, ina ji ina sane. Bayan nan kwanaki ina kwance a rigingine, an tare kaina da jakar yashi, ba tari, ba juyi. Na tambaye shi ko ya tabbata zan gani. Ya ce ba zai yi mini alkawari ba, yawanci suna gani, wasu ba sa gani. Mutumin Alajo bai ce haka ba, kuma ban san dalilin da ya sa wannan ta fi zauna mini ba.

Wani da za a yi wa aikin ya fasa, gado ya samu. Wai in zo Litinin, a yi Talata. Na ce zan yi shawara.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Jamiu ya ce rediyo ta ce wasu sun sake tashi zuwa wata. Na ce Allah ya kai su lafiya.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Likita ya ce wanda aka yi wa aikin ba zai sunkuya ba sai bayan makonni, ko sujada. Bayan azahar na tsayar da Liman na ce wani abokina ne yake tambaya, in likita ya hana mutum sa goshi a ƙasa, kuma ya sa shi shan magani da rana a cikin azumi, yaya zai yi? Ya ce ya yi salla da ishara, azumin kuma ya rama in ya warke. Har na juya ya ce, "Ka gaya wa abokin naka ranar Laraba zan zo duba shi."

Ban ce zan je ba. Memuna ce ta wanke farar rigata ta sa a jaka tare da carbi, ni ban sa ta ba, ban kuma hana ta ba.

Da la'asar, lokacin da rana take shigowa ta taga, na ce mata ta bar tukunya ta zo ta tsaya a wurin in dube ta da kyau, ko da abin bai zo da sauƙi ba. Ta ce in daina shirme da bakin azumi, miya za ta ƙone.

Ta zo ta tsaya.